Yadda ake gane raunin zuciya bayan haɗarin mota

A duk inda mota ta yi haɗari, idon jama'a kan tafi ne wurin wanda jini ya wanke wa fuska, ko wanda ƙafarsa ta karye har ƙashi ya leƙo, kuma shi ake fara ɗauka a nufi asibiti. Direban da ya buɗe ƙofa ya fito da ƙafarsa, yana dafe da ƙirji yana cewa sitiyari ne kawai ya ɗan buge shi, sai a yi masa barka da arziki a bar shi a gefen titi yana kiran 'yan uwa a waya. Wani lokaci shi ne ya fi kowa kusa da mutuwa a cikin waɗanda ke wurin, domin zuciya tana iya yin mummunan rauni ba tare da ɗigon jini ko ɗaya ya fito waje ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A mafi yawan hanyoyinmu ba motar asibiti ce ke fara isa wurin ba, matafiya ne da mutanen ƙauyen da ke kusa, saboda haka su ne ya kamata su san abin da za su duba.

Zuciya tana zaune ne tsakanin ƙashin ƙirji ta gaba da ƙashin baya, a cikin wata jaka mai kauri wadda ba ta saurin miƙewa. Idan mota mai gudu ta tsaya farat ɗaya, jikin mutum ba ya tsayawa tare da ita, yana ci gaba da gudun da motar take yi har sai ya daki sitiyari ko bel ko bayan kujerar gaba. Bayan jikin ya tsaya ma, zuciya da huhu da ke rataye a ciki suna ci gaba har sai sun daki bangon ƙirji, ko kuma a matse zuciyar tsakanin ƙasusuwan nan biyu. Ƙarfin wannan duka ba ya tafiya daidai da gudu, yana ninkuwa ne: idan aka ninka gudun mota sau biyu, ƙarfin karon yana ninkuwa sau huɗu. Ɗakin zuciya na ƙasa na ɓangaren dama shi ne ke kwance dab da bayan ƙashin ƙirji, shi ya sa ya fi sauran ɗakunan uku shan duka.

Abin da ya fi faruwa shi ne buguwar naman zuciya, inda jini ke kwanciya a cikin tsokar, kamar mangwaron da ya faɗo daga bishiya, bawonsa lafiya lau amma cikinsa ya dame. Yawancin irin wannan buguwa tana warkewa da kanta, sai dai a kwana ɗaya ko biyu na farko tana iya rikita tsarin bugun zuciya, kuma rikicewar ce ake gudu. Akwai waɗanda suka fi wannan muni: bawul ɗin da ke hana jini komawa baya yana iya tsinkewa, bangon da ya raba ɗakunan dama da na hagu yana iya hujewa, jijiyar da ke shayar da zuciyar kanta tana iya darewa ta toshe har mutum ya samu irin ciwon zuciya na farat ɗaya da aka sani ga masu hawan jini ko da saurayi ne, kuma jini yana iya tsiyaya cikin jakar zuciya ya shaƙe ta. Babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wadda likitoci ke kira awota, ita ma tana iya yagewa a wurin da take ɗaure da jiki jim kaɗan bayan ta lanƙwasa, kuma mafi yawan waɗanda haka ta same su ba sa kaiwa asibiti.

Mutuwar Gimbiya Diana ta Ingila ta nuna yadda wannan rauni yake ɓoyewa. Lokacin da motarsu ta daki ginshiƙi a cikin hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Pont de l'Alma a birnin Paris, bayan tsakar daren 31 ga Agustan 1997, tana kujerar baya ba ta ɗaura bel ba, kuma waɗanda suka fara isa gare ta sun same ta da rai tana ɗan magana, babu wani jini mai yawa a jikinta. Sai a ɗakin tiyata aka ga cewa ƙarfin karon ya ture zuciyarta daga mazauninta, ya yaga jakar zuciya da wata jijiyar da ke kawo jini daga huhu, jinin yana ta zuba a cikin ƙirji. Ta rasu wajen ƙarfe huɗu na asuba.

A fara da duba motar

Kafin ka tambayi mutum yadda yake ji, motar da ya fito daga ciki ta riga ta ba ka rabin amsa. Ka leƙa wurin direba ka ga ko sitiyari ya lanƙwashe ko ya karye, domin ƙarfen da ya lanƙwashe ƙirjin mutum ne ya lanƙwasa shi. Ka duba ko gaban motar ya shige ciki har ya matso kujeru, ko gilashin gaba ya tsage a daidai inda kai ko ƙirji zai daka, ko jakar iska ta fashe, ko motar ta wuntsila, ko an cillo wani waje. Idan wani ya mutu a cikin wannan motar, duk wanda ya fita da rai a ɗauke shi a matsayin mai babban rauni har sai likita ya ce ba haka ba, saboda dukan da ya kashe na kusa da shi bai tsallake shi ba. A motocin haya da ake cusa mutum biyu a kujerar gaba babu wanda bel yake riƙewa, kuma ɗan acaɓa da kan babur ya soke shi a ƙirji, ko mai tafiya a ƙasa da mota ta yi sama da shi, duk hukuncinsu ɗaya da na direba. Idan da hali ka ɗauki hoton sitiyarin da gaban motar da waya, domin likitan da ba ya wurin zai fahimci ƙarfin karon daga hoto fiye da yadda zai fahimta daga bakin mutanen da hankalinsu ya tashi.

Akwai tambaya guda da ake yawan mantawa, musamman idan direban ya manyanta: shin ciwon ƙirji ko jiri ko duhun gani ya fara ne kafin haɗarin? Wani lokaci zuciyar ce ta fara gazawa, sannan mota ta ƙwace. Wannan bayani yana canza yadda za a kula da shi a asibiti.

Sannan a buɗe ƙirji a gani

Kunya ba ta da wuri a nan, sai dai idan mace ce a nemi wata mace ta duba ta, a kuma kare ta da mayafi daga idon taro. Abin da ake nema shi ne shatin sitiyari a tsakiyar ƙirji, ko doguwar shaidar bel da ta sauko daga kafaɗa ta ratsa ƙirji. Littattafan likitanci da yawa an rubuta su ne da farar fata a zuciya, suna maganar ja da shuɗi, alhali a baƙar fata kwanciyar jini ba ta fitowa sosai a awannin farko. Saboda haka hannu ya fi ido amfani: ka shafa a hankali ka ji ko wurin ya kumbura ko ya yi zafi, ka ɗan danna ƙashin ƙirji da yatsu biyu ka ga ko mutumin zai zabura, ka lura ko akwai wani tudu ko rami a ƙashin, ko wani ƙas-ƙas da ke nuna karaya. Ka tsaya ta wajen ƙafafunsa ka kalli yadda ƙirjin ke tashi, domin idan wani ɓangare yana shiga ciki lokacin da sauran ke fitowa, haƙarƙari da dama sun karye. Karayar ƙashin ƙirji ita kaɗai ba ta tabbatar da cewa zuciya ta taɓu, amma ta isa dalilin a yi gwaji.

Yara kuwa sai an ƙara kula, domin ƙashinsu yana da taushi, yana lotsawa ya dawo ba tare da ya karye ba, duk ƙarfin dukan ya wuce kai tsaye zuwa zuciya da huhu. Yaron da babu karaya ko ɗaya a jikinsa yana iya kasancewa da rauni mai tsanani a ciki.

Bugun jini da numfashi, da maimaita awonsu

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci, kuma ba ya buƙatar komai sai yatsu da agogon waya. Ka ɗora manuniya da yatsan tsakiya a tsintsiyar hannunsa ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun na minti guda cur. Baligi mai lafiya yana tsakanin 60 zuwa 100. Duk wanda ya fito daga haɗari zuciyarsa za ta yi gudu saboda firgita, wannan ba abin mamaki ba ne, amma firgita tana lafawa idan mutum ya zauna. Shi ya sa awo ɗaya ba ya faɗin komai. Ka rubuta adadin da lokacin, ka sake aunawa bayan minti biyar ko goma, ka ci gaba da haka har a isa asibiti. Bugun da ya fara a 100 ya sauko 85 labari ne mai daɗi. Wanda ya fara a 100 ya koma 115 sannan 130, yana kuma ƙara siranta a ƙarƙashin yatsa, yana nuna ko dai jini na zuba a ciki ko zuciya na gazawa, kuma duk biyun amsarsu ɗaya ce, wato a hanzarta. Ka kuma saurari tsarinsa: idan yana tsallake, ko ya yi sauri ya tsaya ya sake ɗauka, ko ya yi ƙasa da 50 ga mutumin da ke jin jiri, to wutar da ke tafiyar da bugun ta taɓu. Shi kansa mai raunin yakan ce gabansa na faɗuwa, ko zuciyarsa na fat-fat kamar za ta fito.

Numfashin baligi yana tsakanin 12 zuwa 20 a minti. Wanda ke haki, ko ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja iska, ko ya ƙi kwanciya ya ce sai a zaune yake samun numfashi, ya shiga haɗari. Ka taɓa goshinsa da tafin hannunsa ka ji ko zufa mai sanyi ta keto masa. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba cikinta, ka duba harshe da dasashi, domin nan ne fari ko duhun rashin iska ke bayyana a jikin baƙar fata. Ka danna farcensa har ya yi fari ka saki, idan ya wuce daƙiƙa biyu bai dawo da launinsa ba jini ba ya isa gaɓoɓi. Yawan neman ruwa, da rashin natsuwa, da maimaita tambaya ɗaya, da faɗa da masu taimako, da cewa shi dai yana ji mutuwa zai yi, duk alamu ne na ƙwaƙwalwar da jini bai ishe ta ba, ba rashin tawakkali ba ne, kuma bai kamata a tsaya yi masa nasiha ba. Suma ko da ta ɗan lokaci ce, sannan ya farfaɗo ya ce ya warke, ita kaɗai ta isa a kai shi asibiti.

Idan akwai na'urar awon jini a kusa, kada lamba mai kyau ta yaudare ka. Jikin matashi yana iya riƙe awon jininsa daidai har sai ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Wata hanya mai sauƙi ita ce a kwatanta bugun da lambar sama ta awon jini: idan bugun ya kai ta ko ya wuce ta, misali bugu 110 awo 100, akwai matsala. Dattijon da ke shan irin su atenolol ko propranolol saboda hawan jini kuma zuciyarsa ba za ta yi gudu ba ko da jini na zuba, domin maganin yana taka mata birki, don haka a tambayi magungunan da yake sha.

Shaƙewar zuciya a cikin jakarta ita ce ta fi gaggawa. A ƙa'ida ruwan da ke cikin jakar bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba, kuma idan jini ya taru a cikinta da sauri, abin da bai kai cikin kofin shayi ba, kamar mililita 100 zuwa 200, ya isa ya hana zuciya buɗewa ta karɓi jini. Wani likitan tiyata ɗan Amurka, Claude Beck, ya bayyana alamominta uku a shekarar 1935: awon jini ya faɗi, jijiyoyin wuya su kumbura su yi ɓaro-ɓaro, sautin zuciya ya yi nisa a kunnen mai saurare. Ba kasafai ukun ke haɗuwa ba, kuma wanda ya zubar da jini da yawa jijiyoyin wuyansa ba za su cika ba, saboda haka rashinsu ba ya wanke kowa. Abin da mai taimako zai iya gani shi ne jijiyoyin wuya a cike ga mutumin da ke zaune, tare da bugun da ke ɓacewa a tsintsiyar hannu duk lokacin da ya ja numfashi ya dawo idan ya fitar. Iskar da ta taru a gefen huhun da ya huje ita ma tana kumbura jijiyoyin wuya, sai dai a nan ɓangare ɗaya na ƙirji ba ya motsi, wani lokaci maƙogwaro ya karkace. Bambance su aikin likita ne. Ciwo mai kama da yaga a tsakanin allunan kafaɗa, da dishewar murya farat ɗaya, da bugun da ya fi ƙarfi a hannu ɗaya ko ya ɓace a ƙafafu, suna nuni ga awota.

Abin yi kafin asibiti

A Najeriya a kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112. A Nijar a kira 18. Idan babu alamar za su iso da wuri, a nemi mota a ɗauke shi, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa ko ya tuƙa, kada kuma a ɗora shi a babur. Wanda ke cikin hayyacinsa, ba ya kukan wuya ko baya, a bar shi ya jingina yadda numfashi ya fi masa sauƙi. Wanda ake zargin wuyansa ko bayansa ya taɓu a kwantar da shi a miƙe, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. A lulluɓe shi, kada a sheƙa masa ruwa, domin sanyin jiki yana hana jini daskarewa. Kada a ba shi ruwa ko madara ko abinci komai roƙonsa, saboda yana iya buƙatar tiyata. Kada a ba shi asfirin, ko da wani a wurin ya ce ya ji ana ba mai ciwon zuciya, domin bayan haɗari asfirin ƙara zubar jini yake yi. Idan ya daina amsawa kuma ba ya numfashi, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ko da ana jin haƙarƙari ya karye.

A ganina babban abin da ke cinye mutane a wannan gaɓa shi ne tsayawa a kyamis a yi allurar kashe zafi, ko a wuce gida a gasa ƙirji da ruwan zafi don jini ya narke, ko a kira mai ɗori. Allurar tana kashe ciwon ne ta bar raunin, mutum ya yi barci iyalinsa su ɗauka sauƙi ne, alhali a daren farkon ne bugun zuciya ya fi rikicewa.

Abin da za a nema a asibiti

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti a Najeriya ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Da isa, ka faɗi abu uku a taƙaice: yadda haɗarin ya faru, inda ƙirji ya daku, da lambobin bugun da ka rubuta a hanya. Ka ambaci ko yana da ciwon zuciya tun da can, ko yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin.

Hoton ƙirji yana nuna karayar haƙarƙari da jini ko iska a gefen huhu, wani lokaci da faɗaɗar tsakiyar ƙirji da ke sa a zargi awota, amma ba ya nuna buguwar naman zuciya. Mutane da yawa sukan koma gida da murna don an ce hoto bai nuna komai ba, alhali ba a yi wa zuciyar tambaya ba tukuna. Gwajin da ke yi mata tambaya shi ne ECG, wanda ake manna wayoyi a ƙirji a ga tsarin wutar bugunta a takarda, sai kuma gwajin jini na turoponin, wani sinadari da ke fita daga naman zuciya idan ya ji rauni. Ana haɗa su ne saboda ECG ya fi ganin ɓangaren hagu, yana iya tsallake raunin ɓangaren dama wanda shi ne ya fi buguwa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tiyatar rauni ta gabashin Amurka ta fitar a 2012 ta ce idan gwaje-gwajen biyu duk sun fito lafiya, ana iya cire zargin raunin zuciya. Idan ɗaya ya nuna sabon canji, sai a kwantar da mutum a sa ido kan bugunsa na awa 24 zuwa 48. Turoponin yana ɗaukar awanni kafin ya hau, shi ya sa idan an ɗebi jinin da wuri akan maimaita bayan awa 6 zuwa 8.

Wanda awon jininsa ya faɗi, ana ɗora masa na'urar sikanin a ƙasan ƙashin ƙirji, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, kuma cikin minti kaɗan za a ga ko jini ya kewaye zuciya. Cikakken hoton zuciya na eko yana nuna bawul da bangon da ya daina motsi, siti-sikan kuma, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka dalla-dalla, shi ke tabbatar da yagewar awota. Idan asibitin da aka fara zuwa ba shi da ko ECG, a nemi takardar tura mara lafiya zuwa babban asibiti ko asibitin koyarwa tun yana da ƙarfinsa, tare da ma'aikacin jinya a cikin motar, maimakon a jira sai ya galabaita cikin dare.

Bayan an koma gida

Sallama daga asibiti ba ta rufe maganar ba. A kwana biyun farko kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki, kada ya tuƙa mota, kada ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya koma gona. Ciwon ƙashi da tsoka yakan ƙaru idan an danna wurin ko an juya, kuma yana raguwa kullum. Ciwon da ke ƙaruwa, ko yake danne ƙirji yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ba na ƙashi ba ne. Jini yana iya taruwa a jakar zuciya a hankali cikin kwanaki ko makonni, bawul da ya tsage kaɗan yana iya ƙarasa tsinkewa daga baya, kuma jakar kanta tana iya kumbura bayan wasu makonni, ta zo da zazzaɓi da sukar ƙirji mai tsananta idan an kwanta, mai sauƙi idan an zauna an sunkuya gaba. Haki wajen hawa bene ko tafiyar da a da ba ta gajiyar da shi, da kumburin ƙafafu, da farkawa cikin dare ana neman iska, da faɗuwar gaba, da jiri ko suma, kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti a ranar. A tafi da takardar ECG ta farko don a kwatanta ta da sabuwa, a kuma gaya wa likitan cewa an yi haɗari da ranar da aka yi shi, ko da wata biyu sun wuce, domin in ba a faɗa ba zazzaɓin zai iya tafiya a matsayin maleriya, hakin kuma a matsayin asma.